Sarkin Kasuwa Da 'Yan Gayya: Yadda Aka Kori VLC Daga Rumfar Apple

Ran Jumma'a 7 ga Janairu, 2011, kamfanin Apple na ƙasar Amurka ya ɗauke wata manhaja mai suna VLC daga kasuwarsa ta App Store, watau inda masu wayar iPhone da allon iPad suke zuwa su sauke abubuwan da na'urorinsu ke aiki da su. Duk wanda ya taɓa kallon fim a kwamfuta zai shaida VLC ko da bai riƙe sunan ba, domin ita ce mai alamar robar nan mai tsini, ruwan goro da ratsin fari, irin wadda ma'aikatan hanya suke jerawa a kan titi. Ba a same ta da wata cuta ba, ba a kuwa ce ta saci asirin kowa ba, ko sisi ma ba a karɓa a kanta. Abin mamakin shi ne, wanda ya kai ƙarar har aka kore ta yana cikin mutanen da suka rubuta ta da hannunsu.

Sai da aka yi shekara biyu da rabi sa'an nan ta koma. Abin da ya faru a tsakani ya isa a tsaya a duba, domin a yau waya ce kwamfutar yawancin jama'a, kuma kamfanoni biyu ne rak suke riƙe da manyan ƙofofin da manhaja ke bi ta shiga cikinta.

Aikin gayya

Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai asalin rubutun da masana suka tsara, wanda mutum zai iya karantawa ya gyara in ya san harshen. Akwai kuma abin da aka juya zuwa harshen na'ura, shi ne ake ɗura wa waya, ba mai gane shi sai ita. Yawancin kamfanoni na biyun kaɗai suke sayarwa, su kulle na farkon a akwati. Cikin 1983 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Stallman, ya ce wannan hali bai dace ba, ya soma wani aiki da ya kira GNU domin a samar da manhajojin da asalin rubutunsu ke a buɗe ga kowa. Cikin 1985 ya kafa ƙungiyar Free Software Foundation, wadda aka fi sani da FSF.

Makamin ƙungiyar takarda ce, watau lasisin da ake kira GPL. An fito da shi cikin 1989, aka sake buga shi cikin 1991, aka kuma yi bugu na uku cikin 2007. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, wanda duk ya sami manhajar yana da izni ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya duba asalin rubutun, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ko kyauta ko da kuɗi. To, amma fa da sharaɗi: in zai miƙa wa wani, tilas ya miƙa da dukan iznin da shi ya samu, ba ragi, kuma ba shi da ikon ƙara wani takunkumi na kansa. Wannan magana tana cikin sashe na 6 na bugun 1991. Wanda ya saɓa, izninsa na rarrabawa ya faɗi. Kamar manomi ne ya ba maƙwabcinsa irin gero, ya ce ya shuka, ya sayar in ya so, amma kada ya hana wanda ya saya ajiye iri ya ba na gaba.

A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Turanci kalma ɗaya gare shi ga 'yanci da kyauta, shi ya sa Stallman ya shekara da shekaru yana bayani cewa 'yanci yake nufi, kuɗi ba ruwansa. Hausa ta raba su tun asali, rigimar nan duka kuwa ta 'yanci ce.

Ita VLC ɗalibai ne suka soma ta cikin 1996 a makarantar injiniyoyi ta École Centrale da ke Faris, suna neman hanyar aika hotunan talabijin ta wayoyin kwamfutocin makarantarsu. Cikin 2001 aka sake ta ƙarƙashin GPL, daga nan kuwa mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta zuwa gayya, wannan ya gyara sauti, wancan ya koya mata karanta wani sabon nau'in fim. Cikin 2009 aka kafa ƙungiyar VideoLAN domin kula da aikin, Jean-Baptiste Kempf ne shugabanta. A farkon 2025 ƙungiyar ta ba da labari cewa an sauke VLC fiye da sau biliyan 6. Sai dai akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa labarin ya rataya: ba wanda ya sallama wa ƙungiyar haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Kowa da kuyyarsa a gonar, kuma doka ta san da shi.

Dokar sarkin kasuwa

Apple ya buɗe App Store cikin Yuli 2008 da manhajoji wajen 500. Kafin nan al'adar kwamfuta ita ce mutum ya samo manhajarsa daga inda ya so, ko a faifai, ko a intanet, ko a hannun aboki. A iPhone sai aka mai da ƙofa ɗaya. Mai son ya kasa kayansa zai biya dala 99 kowace shekara, ya miƙa manhajar ma'aikatan Apple su duba, in sun yarda a buga mata hatimin kamfani, wayar kuwa ba ta karɓar abin da ba shi da hatimi. In kayan na sayarwa ne, kamfani yana cire la'adar kashi 30 cikin 100, ko da yake tun 2021 an rage wa ƙananan masu sana'a zuwa kashi 15.

Duk wannan bai taɓa GPL kai tsaye ba. Inda aka yi karo shi ne a sharuɗɗan da mai wayar yake amincewa da su kafin ya sauke kome, dogon rubutun nan da kusan ba mai karantawa. A cikin 2010 sharuɗɗan sun ce abin da aka sauke na amfanin kai ne kawai, ban da kasuwanci, kuma kada ya wuce na'urori biyar da Apple ya amince da su. Har wa yau ana kulle kowace manhaja da wani makulli mai suna FairPlay, ko ta kyauta ce, yadda in mutum ya kwafe ta ya kai wayar abokinsa ba za ta tashi ba. Watau lasisi ya ce wa mutum ya ba wanda ya so, kasuwa ta ce masa kada ya kuskura.

Ba za a ce Apple ba shi da hujja ba. Dubawar da hatimin suna rage yawan manhajojin 'yan damfara da masu leƙen asiri, kuma mutane da yawa saboda wannan kwanciyar hankali suke sayen wayar da tsada. Amma ƙa'idar na'urori biyar ba domin tsaro aka yi ta ba. Gado ce daga cinikin waƙoƙi da fina-finai na iTunes, inda masu kayan suke tsoron a kwafa, aka ɗauko ta aka ɗora wa kayan da masu su suke roƙon a kwafa.

Karon farko ya auku ne cikin Mayu 2010 a kan GNU Go, manhajar wani tsohon wasa na ƙasar Sin mai kama da dara, wanda ake yi da duwatsu baƙaƙe da farare. Wani ya gyara ta ya kai App Store. Ita wannan FSF ce ke da haƙƙin mallakarta, saboda haka ta rubuta wa Apple cewa tun da shi ke rarraba kayan, sharaɗin lasisi ya hau kansa. Abin da ƙungiyar ta fi so shi ne kamfanin ya sassauta sharuɗɗansa. Apple bai tsaya gardama ba, ya ɗauke GNU Go, ya bar sharuɗɗansa yadda suke. Ba a je kotu ba, ba wani alƙali da ya ce ga mai gaskiya.

Ƙara daga cikin gida

Wata huɗu bayan haka, cikin Satumba 2010, wani ƙaramin kamfani na Faris mai suna Applidium ya kai VLC kasuwar Apple, da fari domin iPad, ba da jimawa ba kuma domin iPhone. Kyauta ya kasa ta, asalin rubutun gyaran da ya yi ma bai ɓoye ba. Jama'a suka yi murna ƙwarai, domin na'urorin Apple nau'in fim kaɗan suke karantawa da kansu, VLC kuwa kusan ba abin da take mayarwa.

Cikin Oktoba sai Rémi Denis-Courmont, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawan rubutu a VLC, ya aika wa Apple takardar ƙorafi da sunan kansa, cewa ana rarraba aikinsa ta hanyar da ta saɓa wa lasisin da ya bayar. Ba ƙungiyar VideoLAN ce ta aika ba, a cikinta ma ra'ayi ya rabu, waɗansu suna ganin in an karanta sharuɗɗan Apple da kyau akwai mafita. Amma doka ba ta bukatar sai an yi taro, mai haƙƙi ɗaya ya isa. Cikin Janairu aka ɗauke manhajar.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da Hausawa suka ce, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Masu iPhone suka yi ca a kan Denis-Courmont. Da yake a lokacin ma'aikacin Nokia ne, kamfanin da ke gasa da Apple a cinikin waya, waɗansu suka ce da biyu ya yi. Kaɗan ne suka tambayi dalilin da ya hana babban kamfanin ƙara layi biyu a sharuɗɗansa, ya ce in manhaja ta zo da lasisinta na 'yanci, to, lasisin ne a gaba. Shi dai mutumin kan wani sharaɗi ya ba da guminsa kyauta, abin da ya nema kuwa a cika sharaɗin ne. Ana iya cewa ya tsananta, amma da wuya a ce ya nemi abin da ba nasa ba.

Bin gida-gida

Tun da kasuwa ta ƙi sunkuyawa, sai 'yan gayya suka sunkuya. VideoLAN ta yanke shawarar mai da injin VLC, watau ɓangaren da ke karanta fim da sauti, zuwa wani lasisi mai sassauci da ake kira LGPL. Shi wannan yana kare asalin rubutun injin, amma ya yarda a haɗa shi da wata manhaja mai sharuɗɗa dabam. Akwai waɗansu dalilan ban da Apple, kamar son a ba masu sana'a dama su sa injin cikin kayansu, amma kowa ya san ƙofar iPhone tana cikin lissafi.

Faɗar abin da sauƙi, yinsa ne aiki. Ba a sake lasisi sai da yardar duk wanda ya taɓa sa hannu, ko da layi kaɗan ya rubuta shekara goma da suka wuce. Kempf ya ɗauki wannan kaya. Ya bi tarihin rubutun ya fitar da sunaye, ya yi ta aika wasiƙu, waɗansu adireshin nasu ya mutu tuni, waɗansu sun bar sana'ar, waɗansu sun ga saƙon sun yi shiru. An gama da zuciyar injin a ƙarshen 2011, aka shiga sauran sassan cikin 2012, mutanen da aka nemi yardarsu kuwa sun haura 200. Inda aka rasa mai haƙƙi ko ya ƙi, sai dai a cire abin da ya rubuta, ko a sake rubuta shi, ko a bar wannan sashe a tsohon lasisinsa. Cikin Yuli 2013 VLC ta koma App Store, an sake gina ta, tana ɗauke da lasisi biyu, GPL da kuma MPL na ƙungiyar Mozilla, wanda bai hana ƙarin sharuɗɗan kasuwa ba. VLC ta kwamfuta ita kam tana nan a kan GPL.

Sauran masu irin wannan aiki sun ga abin da ya faru, kowa ya shiga taitayinsa. Wanda yake shi kaɗai ke da haƙƙin manhajarsa ba shi da matsala, domin ba mai kai kansa ƙara, in ya so ma sai ya ƙara 'yar magana a lasisin cewa ya yafe wa kasuwar Apple. Haka masu manhajar aika saƙo ta Signal suka yi cikin 2016 domin waɗansu su iya amfani da rubutunsu a iPhone. Wanda abin ya fi ƙuntata wa shi ne aikin gayya na ainihi, mai hannu ɗari, wanda ba mai iya yafewa da yawun kowa. Saboda haka mai soma sabon aiki da niyyar kai shi waya yakan zaɓi lasisi mai laushi tun farko, irin su MIT ko Apache, ko kuwa ya sa duk mai kawo taimako ya rattaba hannu ya ba shi iko a kan abin da ya kawo. Ba wata doka da ta hana GPL. Rumfar ce kawai take da wuyar samu in an zo da shi.

Daɗin daɗawa, 'yancin gyarawa ma ya zama na takarda. Mai iPhone yana iya samun asalin rubutun VLC ya sake shi yadda ya so, amma kafin ya ɗura gyaran a wayar da ya saya da kuɗinsa sai ya nemi kwamfutar Mac, kuma in bai biya dala 99 ba, hatimin da za a ba shi kwana bakwai yake yi ya mutu. Ga ɗalibi a Legas ko Kano wannan ba ƙaramin shinge ba ne. Alhali kuwa shi kansa Apple ya ci moriyar gayya, domin WebKit, injin da ke buɗe shafukan intanet a kowace iPhone, daga wani buɗaɗɗen aiki mai suna KHTML aka tsago shi.

Turai ta ɗan tsaga katangar. Wata dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple, daga Maris 2024, ya bar waɗansu su buɗe kasuwanninsu a iPhone cikin ƙasashen tarayyar. Amma ko a can sai kamfanin ya duba manhaja ya buga hatiminsa, dokar kuwa ba ta shafi mai waya a Nijeriya ba.

Microsoft ma ya taɓa nasa. Cikin 2011 aka gano yarjejeniyar kasuwar wayarsa ta Windows Phone ta ambaci bugu na uku na GPL da suna ta hana shi. Cikin 2022 kuma ya shirya hana sayar da buɗaɗɗun manhajoji a kasuwarsa ta kwamfuta, da nufin maganin 'yan cuwa-cuwa masu kwasar aikin wasu su sa masa farashi. Sai aka nuna masa dokar za ta haɗa da masu kayan na gaskiya, irin masu manhajar zane ta Krita, waɗanda da cinikin suke biyan ma'aikatansu. Bayan ƙorafin ƙungiyar Software Freedom Conservancy da waɗansu, ya janye.

Ƙofar baya ta Android

A kasuwar Google Play ba a yi rigimar lasisi irin ta Apple ba, kuɗin rajista ma dala 25 ne sau ɗaya. Amma sarkin kasuwa sarkin kasuwa ne. Cikin Oktoba 2019 aka ɗauke WireGuard, wata manhajar tsare sirrin sadarwa, saboda ta sa wurin da mai so zai danna ya ba masu aikin gudummawa ba ta hanyar biyan kuɗi ta Google ba. Sai da aka cire wurin sa'an nan ta koma. Ga mutanen da ba sa sayar da kome, ƙoƙon gudummawar nan shi ne abincinsu. Masu Nextcloud kuma, manhajar ajiye takardu da hotuna, an hana su iznin taɓa dukan fayilolin waya cikin 2024, ba a mayar masu ba sai cikin Mayu 2025 bayan sun fito fili sun koka.

Abin da ya sa ake haƙuri da Google shi ne Android tana da ƙofar baya. Mutum yana iya ɗura manhaja daga ko'ina ba sai ta kasuwa ba. A kan wannan aka kafa F-Droid cikin 2010, wata rumfa ta 'yan sa kai wadda buɗaɗɗun manhajoji kaɗai take kasawa. Su da kansu suke ɗauko asalin rubutun su juya shi zuwa harshen na'ura, yawanci kuma su buga nasu hatimin, domin mai saukewa ya tabbata abin da aka nuna masa shi aka ba shi. Nijeriya ma ta san ƙofar nan sarai, tun da yawancin wayoyin da ke hannun jama'a, su Tecno da Infinix da itel, Android ce a cikinsu. A Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Farm Centre ta Kano, da a ɗakunan kwanan ɗalibai, tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender domin a huta da kuɗin data abu ne na kullum. Wannan ita ce ainihin miƙawar hannu da hannu da GPL yake magana a kai, ko da masu yi ba su taɓa jin sunansa ba.

Cikin Agusta 2025 Google ya ba da sanarwa cewa zai sa mai gadi a ƙofar. Bisa shirin, wayoyin Android masu ɗauke da kayan Google za su karɓi manhajar wanda ya yi rajista da kamfanin ne kaɗai, ya ba da sunansa na gaskiya da adireshinsa, har da katin shaida in an nema, ko da ba ta kasuwar Play zai rarraba ba. Ya sa Satumba 2026 domin somawa a Brazil da Indunusiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuwa daga 2027. Hujjarsa ita ce 'yan damfara suna yaudarar mutane su ɗura manhajojin da ke kwashe masu kuɗi a banki, kuma in an kama ɗaya sai ya sake suna ya dawo. Wannan cuta gaskiya ce, duk mai asusun banki a waya ya san ta.

Manhajar wanda ya yi rajista za a ci gaba da tura ta hannu da hannu kamar da. Wadda za ta maƙale ita ce ta wanda bai yi ba, ko domin ba ya son gwamnatin ƙasarsa ta san shi ne ya rubuta, ko domin ya bar aikin tuni, ko kuwa wani ne ya ɗauki aikin ya gyara domin mutanen unguwarsu. Cikin Satumba 2025 F-Droid ta fito ta ce ba ta da ikon tilasta wa marubuta su yi rajista, ba za ta kuwa ƙwace sunayen manhajojinsu ta yi rajista a madadinsu ba, saboda haka in shirin ya tabbata yadda aka faɗa, ƙarshen aikinta ke nan. Cikin Nuwamba na shekarar Google ya ɗan ja da baya, ya ce zai yi wa ɗalibai da masu yi don sha'awa rajista mai sauƙi wadda za ta isa na'urori ƙalilan, zai kuma bar wata hanya mai gargaɗi da yawa ga wanda ya ƙware, ya kuma yarda ya ɗauki kasadar da kansa. Sharaɗin rajistar dai bai janye shi ba.